Baƙon Ɗalibi Tsakanin Jami'a Da Wurin Aiki: Wa Zai Zama Fatomansa?

Gabatarwa

Garin Dutsin-Ma yana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina. Kafin shekara ta 2011, abubuwan da aka fi saninsa da su su ne madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala cikin 1983, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da kuma noman gero da dawa da wake da ake yi a ƙauyukan da ke kewaye da shi, irin su Dabawa da Makera da Karofi, har zuwa ƙasar Kurfi. A cikin 2011 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, ɗaya daga cikinsu kuwa ta faɗo a Dutsin-Ma. Da haka yankin ya shiga sahun wuraren da ake yaye masu digiri a Jihar Katsina, tare da Jami'ar Al-Qalam ta 2005 da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006.

Hanyar neman ilmi a wannan yanki baki biyu gare ta. Akwai masu shigowa, musamman 'yan Jumhuriyar Nijar da ke zuwa karatu jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, tun da tsakanin birnin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Akwai kuma masu fita. Alal misali, cikin 2024 gwamnatin Jihar Katsina ta tura ɗalibai sama da arba'in ƙasar Masar don koyon aikin likita, da wasu sama da sittin ƙasar Sin don karatun fasaha. A duniya baki ɗaya, alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa masu karatun jami'a a wajen ƙasashensu kimanin miliyan 2 ne a shekara ta 2000, yanzu kuwa sun haura miliyan 6.

An fi yin shagali ranar tafiya da ranar yaye. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne watannin da ke biyo bayan karɓar digiri, lokacin da ɗalibi zai ɗauki takardar da aka rubuta a wata ƙasa ya nemi abinci da ita, ko dai a inda ya yi karatun, ko kuwa a gida. Wannan maƙala za ta duba ƙofofi uku da irin wannan ɗalibi zai ratsa kafin ya isa wurin aiki, da abin da bincike ya gano game da su, da kuma rawar da jami'a za ta iya takawa tun ɗalibin yana cikin aji.

Daga Ijaza Zuwa Digiri

Baƙuncin ilmi ba sabon abu ba ne ga Katsinawa. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 shehun malami Muhammadu al-Maghili ya ziyarci Kano da Katsina daga arewacin Afirka. A ƙarni na 18 kuma wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da ilmin taurari, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin hatimin lissafi cikin 1732, sa'an nan ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu cikin 1741. Abin lura a tarihinsa shi ne a gidan wani babban malamin birnin, Hasan al-Jabarti, ya sauka, a nan kuma ya cika. Watau ko malami mai wannan daraja sai da ya sami mai masauki kafin ya zauna daram a baƙon gari.

Shaidar karatu a wancan zamani ita ce ijaza. Malami ne ke rubuta ta da hannunsa, ya ambaci littafin da almajiri ya sauke, ya jero sunayen malaman da shi kansa ya karɓa daga gare su. Duk wanda ya karanta ijaza a Agadas ko Tambutu ko Alƙahira, sunan mutum yake gani, in ya san mutumin ko malamansa, to ya san nauyin takardar.

Digirin zamani sunan makaranta yake ɗauke da shi. Masanin tattalin arziki Michael Spence, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel cikin 2001, ya bayyana tun 1973 cewa takardar shaida alama ce a kasuwar aiki. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya iya leƙa cikin kan mai nema ya ga abin da ya sani, don haka sai ya dogara da alamar da ya saba da ita. To amma alama ba ta amfani sai ga wanda ya iya karanta ta. Shugaban kamfani a Kano ya san abin da digirin Zariya ke nufi, domin ya yi aiki da mutane da yawa masu irinsa. In aka miƙa masa takarda daga Yamai ko Hartum ko wani birni na ƙasar Sin, ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Daga nan matsalar baƙon ɗalibi take farawa.

Ƙofa Ta Farko: Amincewa Da Takarda

Nijeriya da Nijar maƙwabta ne, harshe ɗaya ake yi daga Katsina har Maraɗi, kuma sarautar Maraɗin kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. Duk da haka tsarin karatun jami'a na ƙasashen biyu ya bambanta ƙwarai. A Nijeriya digirin farko shekara 4 ne a yawancin fannoni, shekara 5 a aikin gona da injiniya, shekara 6 a aikin likita. A Nijar kuwa, kamar sauran ƙasashe rainon Faransa, ana bin tsari mai hawa uku: lisans shekara 3, digiri na biyu shekara 2, digirin dakta shekara 3. Wanda ya yi lisans a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, in ya zo Nijeriya, tambayar farko ita ce ko shekara ukunsa ta yi daidai da huɗun nan. Wanda ya yi shekara biyar yana karanta aikin gona a Dutsin-Ma kuwa, in ya koma Nijar, yana iya tarar da an ajiye shi a layi ɗaya da mai shekara uku.

Haka nan wajen maki. Jami'o'in Nijeriya suna auna ɗalibi da matsakaicin maki bisa 5, su kasa digiri zuwa mataki na ɗaya, da na biyu na sama, da na biyu na ƙasa, da na uku. A ɗaya ɓangaren kuwa bisa 20 ake ba da maki: 10 ne cin jarrabawa, kuma samun 14 ba ƙaramin aiki ba ne, 16 kuwa sai zaƙaƙurai. Saboda haka ɗalibi mai hazaƙa yana iya zama kamar tsaka-tsaki a idon wanda bai san ma'aunin ba.

An daɗe ana ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. Ƙasashe masu amfani da Faransanci sun kafa majalisar CAMES a Yamai cikin 1968, hedkwatarta kuwa tana Wagadugu, kuma daga cikin ayyukanta akwai daidaita darajar takardun shaida. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a Arusha cikin 1981, suka sabunta ta a Adis Ababa cikin 2014, ta fara aiki cikin 2019. Yarjejeniyar UNESCO ta duniya baki ɗaya ta fara aiki cikin 2023. Ƙa'idar da ke cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi mai sauƙi ce: a amince da takardar baƙo, sai fa in hukuma ta nuna akwai babban bambanci tsakaninta da ta gida. Sai dai yarjejeniya ba ta ɗauke wa kowa zuwa ofis. Ɗan Nijeriya da ya yi karatu a waje dole ne ya kai takardunsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a tantance su, ɗan Nijar ma sai ya nemi takardar daidaito daga hukumomin ilmi mai zurfi na ƙasarsa.

Masu takardun bogi sun ƙara wa ƙofar ƙunci. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya ba da labarin yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da shiga aji ba. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo don ta yi bincike. Wake ɗaya shi kan ɓata gari: waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah su ma sai da abin ya shafe su.

Bayan ma'aikata kuma akwai hukumomin sana'a. Likitan da ya yi karatu a Masar ko Sudan ba zai taɓa marar lafiya a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, sa'an nan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Lauya sai ya yi kwas na share fage kafin ya shiga babban ajin Makarantar Lauyoyi. Injiniyoyi da masu haɗa magunguna da malaman makaranta, kowa da hukumarsa. Cikin 2022, bayan ɓarkewar yaƙi a Yukren, hukumar likitoci ta sanar cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. Cikin 2023 kuma yaƙin Sudan ya sa aka kwaso 'yan Nijeriya fiye da dubu biyu, akasarinsu ɗalibai, kuma babbar damuwar da yawa daga cikinsu ita ce yadda za su sami takardar sakamako daga makarantun da suka rufe. Darasin da ke nan shi ne ɗalibin da ke waje ya riƙa karɓar sakamakonsa a rubuce a ƙarshen kowace shekara, ya adana kwafi a gida.

Ƙofa Ta Biyu: Izinin Zama Da Aiki

Izinin zama don karatu daban, izinin zama don aiki daban. Ranar da aka yaye baƙon ɗalibi, dalilin zamansa a idon doka ya ƙare. Ƙasashen da ke son riƙe waɗanda suka horar sun gina gada a wannan wuri. Amurka tana ba da wata 12 na koyon aiki bayan karatu, da ƙarin wata 24 ga masu digirin kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi. Jamus tana ba da wata 18 na neman aiki, Kanada kuwa izinin aiki har na shekara 3 gwargwadon tsawon karatu. Ingila ta buɗe irin wannan hanya ta shekara 2 cikin 2021, amma cikin 2025 gwamnatinta ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18. Wannan ya nuna irin waɗannan gadoji suna faɗaɗa su tsuke bisa ga siyasar masu su, kuma bai kamata ɗalibi ya gina lissafin rayuwarsa kan dokar da ya tarar ranar da ya isa ba.

A yammacin Afirka gadar ita ce ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa cikin 1975. Yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. Ta 1986 ta ƙara da 'yancin zama don neman aiki, ta 1990 kuma da 'yancin kafa sana'a. A ƙarƙashin wannan ne a da ɗan Maraɗi da ya gama karatu a Katsina yake iya neman katin zama ya kama aiki, alhali baƙon da ya fito daga wajen yankin sai kamfanin da zai ɗauke shi ya mallaki gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Cikin Gida.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 ya girgiza wannan tsari. An rufe kan iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar, ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma bar musu 'yancin shiga da zama har sai an sake sanarwa. Abin da a da yake haƙƙi ne bisa yarjejeniya, ya koma sassauci na wucin gadi, kuma ɗalibin da ke tunanin zama bayan karatu yana buƙatar mai faɗa masa halin da doka take ciki a lokacin da zai fita.

Sai kuma batun yi wa ƙasa hidima. Tun 1973, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, kowane ɗan Nijeriya da ya gama digiri bai haura shekara 30 ba sai ya yi hidimar shekara guda, ko a gida ya yi karatu ko a waje. Wannan shekara ita ce farkon sanin aiki ga dubban matasa, kuma kusan duk tallar aiki tana neman takardarta. Baƙon ɗalibi ba ya cikin wannan shiri. Abokan ajinsa za su tafi sansani, su sami wurin aiki na farko da alawus, shi kuwa ya tsaya hannu rabbana, kuma takardar neman aiki tana tambayarsa shaidar da ba zai taɓa mallaka ba. In ya koma Nijar, can ma akwai nasu shirin hidimar ƙasa ga masu digiri, wanda sai an amince da takardarsa kafin ya shiga.

Ƙofa Ta Uku: Wa Ya San Shi?

Ko takarda ta wuce, izini ya samu, da sauran rina a kaba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya bincika yadda ƙwararrun ma'aikata 282 suka sami ayyukansu a garin Newton, kusa da Boston ta Amurka, ya buga sakamakon cikin 1974. Fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani suka ji labarin aikin. Abin mamaki shi ne mafi yawan waɗannan masu ba da labari ba aminai ba ne. Mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi, kamar tsohon abokin aji ko wanda aka taɓa aiki tare. Dalili kuwa shi ne amininka abin da ka sani shi ya sani, domin wuri ɗaya kuke zama. Wanda ke nesa kaɗan shi ke jin abin da bai iso kunnenka ba.

An jarraba wannan ra'ayi da gwaji mai girma. Cikin 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi da dandalin LinkedIn, wanda ya shafi mutum miliyan 20 cikin shekara biyar. An gano cewa sanayya mai matsakaicin nisa ta fi kusantacciya kai mutum ga sabon aiki. A Kanada kuma, Philip Oreopoulos na Jami'ar Toronto ya aika takardun neman aiki kusan 13,000 na ƙirƙira ga kamfanoni, yana sauya suna da ƙasar karatu da ƙasar da aka yi aiki. Sakamakon da ya buga cikin 2011 ya nuna masu sunan Turawa da karatu da aikin Kanada sun fi masu sunan baƙi da karatu da aikin waje samun kira fiye da ninki biyu. Ya kuma nuna cewa abin da ya fi ɗaga darajar baƙo shi ne a ga ya taɓa aiki a cikin ƙasar.

Baƙon ɗalibi shi ya fi kowa talaucin irin wannan sanayya. Ba shi da kawu a sakatariya, ba shi da tsohon malamin firamare da ya zama kansila, kuma sau da yawa da 'yan ƙasarsu yake kwana yake tashi. Wanda ya koma gida bayan shekara shida a waje ma kusan haka yake, don kuwa tsararrakinsa sun yi nisa, waɗanda suka san ƙwazonsa kuma suna wata ƙasa.

Fataken Hausa sun daɗe da gano maganin wannan. Bafatake in ya isa baƙon gari da shanu ko goro, wajen fatoma yake sauka, watau mai masaukin baƙin 'yan kasuwa. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa cikin 1969, ya bayyana yadda mai gida yake ba baƙo wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa in an sayi kaya bashi. Baƙo bai san mai saye ba, mai saye bai san baƙo ba, amma dukansu sun san mai gida, kuma da mutuncinsa ake cinikin. Da ɗan gari kan ci gari. Ga ɗalibin da ya baro ƙasarsu, babu wanda ya cancanci wannan matsayi kamar jami'ar da ta karɓe shi, ta zauna da shi shekara huɗu ko biyar, ta san iyakar ƙwazonsa.

Abin Da Jami'a Za Ta Iya Yi

Kayan aikin farko yana hannu tuni. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa cikin 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES cikin 1973 don ɗaliban kimiyya da fasaha su yi watanni suna koyon aiki a ma'aikatu kafin su gama. Ɗaliban aikin gona ma kusan shekara guda sukan yi a gona. A aikace, ɗalibi ne kan nemo wa kansa wuri, kuma ɗan gari ya fi samun mai kyau domin yana da wanda zai yi masa magana. In binciken da aka ambata gaskiya ne, to waɗannan watanni su ne mafi tsada a karatun baƙo, domin su ne kaɗai damarsa ta samun shaidar aiki a cikin ƙasa da kuma mutumin da zai ce ya san shi. Ya kamata sashe ya nema masa wurin da kansa, ko a ayyukan noman rani na madatsar Zobe, ko a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko a masana'antun Kano. In kuwa niyyarsa komawa gida ce, a yarje masa ya yi koyon aikin a can, alal misali a tashar binciken gona ta INRAN da ke Maraɗi, malami ya bi shi da kulawa.

Na biyu, takardu. A jami'o'i da dama samun takardar cikakken sakamako kan ɗauki watanni, wanda ga ɗan gari jinkiri ne, ga baƙo kuwa yana iya zama asarar shekara guda da kuɗin mota na ƙetare iyaka sau da yawa. Jami'o'in Turai suna haɗa digiri da takardar ƙarin bayani, wadda ke fayyace shekarun karatu da darussa da ma'anar maki. Jami'ar da ke kusa da iyaka tana iya yin irinta da Ingilishi da Faransanci, ta miƙa wa ɗalibi rana ɗaya da digirinsa.

Na uku, bayani tun da wuri. Tun ran gini ran zane. Ɗalibin da ke shekarar farko ya kamata ya san ko hukumar sana'a ta ƙasarsu ta amince da kwas ɗin da yake yi, da jarrabawar da ke jiransa, da takardun da za a nema. Wannan nauyi yana kan gwamnatocin da ke tura ɗalibai waje su ma: wanda ya biya kuɗin shekara shida a Masar, bai kamata ya bar ɗalibi ya fuskanci jarrabawar hukumar likitoci shi kaɗai ba, ba tare da bita ko asibitin da zai karɓe shi ba.

Na huɗu, tsofaffin ɗalibai. Rajistar waɗanda suka gama, da inda suke aiki a Yamai ko Damagaram ko Abuja, ita ce irin sanayyar nesa da bincike ya nuna amfaninta, kuma haɗa ta bai wuce aikin ma'aikaci ɗaya da kwamfuta ba.

Akwai abin koyi a kusa. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Wurare ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara tallafa wa cikin 2014. Daga sharuɗɗan shirin akwai ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen yankin da kuma tura su koyon aiki a waje da jami'a, kuma ana sakin kuɗi ne gwargwadon cika sharuɗɗan. Abin da ake aunawa ake kuma biya a kansa, shi ake yi.

Guzurin Da Baƙo Ya Zo Da Shi

Mai karatu na iya tambaya: ga 'yan gida ba su sami aiki ba, don me za a damu da baƙo? Amsar tana cikin gonakin Dabawa da Kurfi. Matsalolin manomin wannan yanki, watau ƙarancin ruwan sama da gajiyar ƙasa da ƙwarin da ke cin wake a rumbu, su ne na manomin Maraɗi, kuma a wasu fannoni can aka riga nan samun mafita. Tun cikin 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a jihar Maraɗi, inda manomi ke barin tohon kututturen itatuwa a gonarsa yana yi musu aski har su girma. Masana sun ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke adana wake ba tare da magani ba ta hanyar hana ƙwari iska, masu bincike na Maraɗi sun taka rawa wajen gwada shi, kuma ana ƙera shi a Kano. Ɗalibin da ya tashi a can ya yi digiri a nan yana iya fassara wa kowane ɓangare abin da ɗayan ya sani.

Haka kuma layin dogo na Kano zuwa Katsina da Jibiya da Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa cikin 2021, zai buƙaci injiniyoyi da jami'an kwastan da akantoci masu jin Hausa da Ingilishi da Faransanci. Cikin Maris na 2025 sabuwar dokar mulki ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ingilishin da ɗan Nijar ya koya a jami'ar Nijeriya ya zama jari ke nan a gida.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa digiri ba ya ƙetare iyaka da ƙafarsa. Sai an tantance shi, sai doka ta ba mai shi izini, sa'an nan sai wani ya tsaya masa. Ƙofa ta farko da ta biyu a hannun gwamnatoci suke, kuma sukan buɗe su rufe bisa ga al'amuran da suka fi ƙarfin ɗalibi, kamar yadda aka gani cikin 2023 da 2024. Ta ukun kuwa tana hannun shugaban sashe da malamin da ke duba aikin ɗalibi da ofishin rajista, kuma ba ta buƙatar sabuwar doka ko kuɗi masu yawa. Jami'a matashiya irin ta Dutsin-Ma, wadda Allah ya ajiye kusa da iyaka, tana da damar ta tsara wannan tun al'adunta ba su daskare ba: ta san ɗalibanta baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta nema musu wurin koyon aiki, ta sallame su da takardun da za a iya karantawa a Yamai da Abuja, ta kuma riƙa bin sawunsu bayan sun tafi. Fatoman da baƙonsa ya ci riba, shi wasu fataken ke tambaya in sun iso gari.